Amsoshin Wasiƙunku: "Farashina Ne Mafi Araha, Amma Wani Aka Ba Kwangilar"

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru a wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato neman kwangilar gini da gyaran gine-ginen gwamnati ta hanyar gasa, abin da 'yan kwangila ke kira tenda. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina ƙiyasin kuɗin gini. Rabin shekarun a ofishin gwamnati na yi su ina duba takardun masu nema, sauran kuma a ɓangaren 'yan kwangila, ni ke cika takardun. Na zaɓi wasiƙu biyar. Kamar kullum, na cire sunaye.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina da ƙaramin kamfanin gini. Wata makarantar gwamnatin tarayya ta yi tallar gyaran ajujuwa shida, muka shiga mu tara. Ranar da aka buɗe ambulan ɗin kuɗi ina zaune aka karanta farashin kowa. Nawa naira miliyan 38, babu wanda ya kai ni sauƙi. A makon nan sai na ji an ba wanda ya sa miliyan 47. In ba cuwa-cuwa ba, mene ne sunan wannan?
Daga wani matashin ɗan kwangila, Gusau.

AMSA: Ɗana, na ji zafin da ke cikin wasiƙarka. Cuwa-cuwa kam ana yi, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai abin da ka faɗa shi kaɗai bai isa ya zama hujja ba, kuma ina so ka fahimci dalili kafin ka je ka tsaya gaban kowa.

Dokar da ke tafiyar da wannan harka a matakin tarayya ita ce dokar sayayya da ba da kwangila ta 2007, wadda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu a watan Yuni, 'yan kwanaki bayan ya hau mulki. Ita ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan ba da kwangilar gwamnatin tarayya, wadda ta gaji ofishin Due Process da aka buɗe zamanin Obasanjo, wanda Oby Ezekwesili ta taɓa riƙewa. Mu da muka yi aiki kafin lokacin mun san yadda ake yi a da: a kira mutum ofis a miƙa masa takarda, sai daga baya a zauna a ƙirƙiro farashi. Dokar ta zo ta ce a'a, a yi talla kowa ya gani, kowa ya taya cikin rufaffen ambulan, a buɗe a gaban jama'a da zarar lokacin karɓa ya cika. Amma ba ta ce a ba wanda aka karanta masa mafi ƙarancin kuɗi ranar buɗewa ba. Cewa ta yi a ba wanda ya cika dukkan sharuɗɗa, kuma farashinsa ya zama mafi sauƙi bayan an tantance. A wannan tantancewar ake zubar da mafi yawan mutane.

Tunda har aka buɗe ambulan ɗinka na kuɗi, alama ce ka tsallake matakin takardu, domin a tsarin ambulan biyu, na farko na takardu na biyu na kuɗi, wanda ya faɗi a na farko ba a ma taɓa na biyunsa. Saura abin da ke cikin bil ɗin, wato takardar da ke jera kowane aiki da yawansa, kai kuma ka sa kuɗi a gaban kowane layi.

Abu na farko da kwamiti ke yi shi ne sake lissafinka layi bayan layi. A ce kwanon rufi murabba'in mita 600 ne, ka sa naira 9,000 kowace mita. Jimla miliyan 5 da dubu 400 ke nan. Idan yaron da ya buga maka ya manta sifili ɗaya ya rubuta dubu 540, kwamiti zai bi kuɗin mita ɗaya ya gyara jimlar, nan take kusan miliyan biyar ta hau kan farashinka. Kuskure biyu irin wannan sun isa su ɗaga ka daga na ɗaya zuwa na huɗu. Doka ta ce a sanar da kai gyaran, in ka ƙi amincewa a ajiye tayinka. Ka tambayi kanka, an aiko maka da irin wannan takarda?

Na biyu, tsallake layi. Da yawa sukan bar wani shafi ba su cika ba, ko su manta harajin VAT na kashi 7.5, sai farashi ya fito da kyau a ido alhali aikin bai cika a ciki ba.

Na uku shi ne wanda na fi so ka tsaya a kansa. Ofishin da ya yi talla yana da nasa ƙiyasin, wanda masu irin aikina suka yi kafin a fita da tallar. Idan ƙiyasinsu ya tsaya kusa da miliyan 48, sauran mutum takwas duk suka zagaye wannan adadin, kai kaɗai ka sauko 38, dole mai hankali ya tambaya: ina miliyan goman nan za ta fito? Siminti ba zai yi maka ragi don kana son aiki ba, kafinta ma haka. Daga jikin ginin za ta fito. A rage kaurin kwano, a tazarce katako, a tsinka fenti da ruwa. Ko kuma a kai rabi a tsaya, a dawo ana roƙon ƙari. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a gini kuwa abin ya wuce maganar ado, don yara ne za su zauna a ƙarƙashin rufin. Abin da ya dace kwamiti ya yi shi ne ya rubuto maka ka warware masa yadda ka samo farashinka. In kana da injin buga bulo naka, da tifa taka, da kafintocinka na dindindin, ƙila arahar taka ta gaskiya ce, kuma ka cancanci a saurare ka.

Yanzu ga haƙƙinka. Doka ta wajabta wa ofishin ya yi wa wanda bai samu ba bayanin dalili in ya nema. Rubuta takarda mai ladabi, shafi ɗaya, ka nemi wannan bayanin, ka kai da hannunka, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Idan bayanin bai gamsar da kai ba, sashe na 54 ya ba ka kwanakin aiki 15 daga ranar da ka samu labari ka kai ƙorafi a rubuce ga shugaban hukumar, ko babban sakatare in ma'aikata ce. Shi ma yana da kwanakin aiki 15 ya yanke hukunci a rubuce. Ya yi shiru ko ya ƙi, kana da kwanakin aiki 10 ka ɗaukaka zuwa BPP, su kuma suna da kwanakin aiki 21. Bayan nan sai Babbar Kotun Tarayya cikin kwana 30. Tunda a makon nan ka ji, kwanakinka sun fara tafiya, don haka kada jiran bayanin ya cinye maka su.

Na san abin da abokanka za su ce: kada ka yi, za a sa maka ido, ba za ka ƙara samun aiki a wurin ba. Tsoron ba na banza ba ne. Amma na zauna a cikin kwamitocin nan, na ga yadda takarda ɗaya mai hujja ke sa kowa ya gyara zama a zagaye na gaba. Wanda aka fi raina shi ne mai zuwa ya yi hayaniya a bakin ofis ya tafi ba tare da ya bar komai a fayil ba.

TAMBAYA: Baba, maigidana ya rasu ya bar mana kamfanin gini mai rajista, ni da ƙanensa muke son mu ci gaba da shi. Ina ake ganin tallar ayyukan nan, kuma waɗanne takardu za mu tanada?
Daga wata Hajiya, Zariya.

AMSA: Allah ya jiƙansa, ya albarkaci abin da ya bari. 'Yata, ku fara da zuwa hukumar CAC mai rajistar kamfanoni a gyara sunayen daraktoci, don kada a riƙa sa hannu da sunan wanda ba ya raye.

Tallar ayyukan tarayya tana fitowa a jaridun ƙasa aƙalla biyu, da mujallar Federal Tenders Journal, da allon sanarwa da shafin intanet na ofishin da ke ba da aikin. Asalin doka mako shida ta ba masu nema, amma dokar kuɗi ta 2020 ta rage shi zuwa mako huɗu ga ayyukan da ma'aikata ko hukuma ke iya amincewa da su da kanta. Wannan ya sa wanda ya jira sai ya ga talla sannan ya fara neman takardu ya riga ya makara.

Abin da za a nema kusan iri ɗaya ne kullum: shaidar rajistar CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, rahoton odita na shekara uku, shaidar PenCom ta fansho, ta asusun horar da ma'aikata ITF, ta asusun inshorar ma'aikata NSITF, shaidar shiga kundin 'yan kwangila na BPP, wasiƙar banki, da takardar rantsuwa daga kotu cewa bayananku gaskiya ne, a ciki ku faɗi ko wani ma'aikacin ofishin yana da hannu a kamfaninku. Sai takardun ƙwararrunku, injiniya mai rajistar COREN, mai zane mai ARCON, magini mai CORBON, mai ƙiyasi mai QSRBN. Yawancin shaidun hukumomin nan ranar 31 ga Disamba suke mutuwa, saboda haka Janairu watan sabunta takarda ne. PenCom da ITF suna da rangwame ga ƙananan kamfanoni gwargwadon yawan ma'aikata da cinikin shekara, sai ku karanta tallar da kyau ku ga ko ya shafe ku.

Inda za ku sha wuya shi ne sharaɗin nuna ayyuka uku makamantan wannan da kuka yi cikin shekara biyar. Ku binciko fayilolin marigayi, duk takardar ba da aiki da ta kammalawa dukiya ce. In ba su kai ba, ku karɓi aikin Islamiyya, na masallaci, na shaguna, ko ku yi aiki a ƙarƙashin babban kamfani, amma kowane aiki ku nemi a ba ku shaida a rubuce. Kada wani ya ce zai "haɗa" muku takarda a shagon kwamfuta. Ana bincikawa.

Ranar rufewa kuma ku je da safe. In an ce ƙarfe 12 na rana, wanda ya zo 12 da minti biyar ambulan ɗinsa a rufe za a mayar masa. Ku sa hannu a rajistar masu kawowa, ku tsaya a buɗe a gabanku, ku rubuta farashin kowa. Ayyukan jiha kuwa dokar jihar ake bi. A Kaduna hukumar KADPPA ce, wadda dokar 2016 ta kafa, kuma sai kun yi rajista da ita daban.

TAMBAYA: Yallaɓai, abokina ne tun na ƙuruciya. An yi masa alkawarin aikin katange wani asibiti, amma an ce sai an ga kamfanoni uku sun nema. Ya roƙe ni in ara masa takardun kamfanina, shi zai cika komai ya sa farashi sama da nasa, ya ba ni naira dubu 200. Ni ban ga wanda na cuta ba, tunda dama aikin nasa ne. Me ka gani?
Daga wani Alhaji, Kano.

AMSA: Alhaji, kada ka ba shi. Ka taimake shi ta wata hanyar, ka ara masa mota, ka tsaya masa wurin mai siminti, amma ban da wannan.

Mu a harkar muna kiran irin kamfanin da ake so ka zama ɗan rakiya. Ka san kara, ko ta Wudil ko ta Ɗambatta. Mai saye na gaskiya yana taya sa, sai dillali ya ƙyafta wa wani ido ya zo ya ƙara a kan tayin, ba don zai saya ba, sai don a ja farashi. Malamanmu sun karantar da mu sunan wannan, najashi, kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi. Abin da abokinka ke nema ɗan'uwan najashi ne, an dai juya shi. A kara ana yaudarar mai saye ɗaya. A nan mai sayen jama'ar gari ne gaba ɗaya, kuɗinsu ne za a biya, kuma an nuna musu an yi ciniki alhali ba a yi ba.

Ka ce dama aikin nasa ne. Wa ya ba shi? In doka ta yarda a ba shi kai tsaye, akwai hanyar hakan, sashe na 42 da na 43 sun tanadi ba da aiki kai tsaye da na gaggawa, kamar idan iska ta yaye rufin ɗakin haihuwa tsakiyar damina. Da aikin ya faɗa wannan rukunin, babu mai neman takardunka. Ana neman su ne don a rufe abin da ba ya son haske. Kuma mutumin da ya san babu mai ja da shi ba zai sa farashin gaskiya ba. Katangar miliyan 20 za ta koma 30, ragowar a raba.

Ka ce ba ka ga wanda ka cuta ba. Na gan su. Su ne irin matashin Gusau da na amsa wa a sama, wanda ya biya kuɗin fom, ya kwana yana lissafi, ya hau mota ya je, bai san an gama rabo tun kafin a manna talla ba. Sau biyu sau uku aka yi masa haka sai ya daina nema, ko shi ma ya koyi rakiya. Haka ake wayi gari masu iya aiki sun bar fagen.

Kuma asirin bai da wuyar tonuwa. Lokacin da nake duba takardu, da wuya 'yan rakiya su wuce ni. Kuskuren rubutu ɗaya a wuri ɗaya cikin bil uku. Rasit ɗin kuɗin fom masu lambobi a jere, an biya su minti biyu tsakani. Lambar waya ɗaya a kan takardun kamfani biyu. Injiniya ɗaya yana ma'aikacin dindindin a duka ukun. Farashin na biyu ya ɗara na farko da kashi biyar cif a kowane layi, na uku da kashi goma cif. Duk wannan yana nan kwance a fayil shekara da shekaru, yana jiran ranar da gwamnati za ta canza ko katangar ta faɗi.

Sashe na 58 ya ambaci haɗa baki a tenda ƙarara a matsayin laifi, tare da daddatsa babban aiki zuwa ƙanana don a kauce wa talla. Mutumin da ba ma'aikacin gwamnati ba, ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ne babu zaɓin tara. Kamfani kuwa a hana shi aikin gwamnati aƙalla shekara 5, a ci shi tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin, daraktocinsa kuma ɗaurin shekara 3 zuwa 5. Sunanka ne a takardar CAC, ba na abokinka ba, kuma da sunanka za a yi rantsuwar kotun da za a liƙa a ciki. Ka auna wannan da dubu 200.

Bari in ƙara da ƙanwar rakiya, wato sayar da takarda, tunda wasu wasiƙu biyu cikin waɗanda suka taru sun taɓo ta. Wanda ya samu aiki bai taɓa riƙe cebur ba, sai ya sayar wa wani ya cire nasa, wannan ma ya sayar ya cire nasa. Kafin aiki ya iso hannun wanda zai yi shi da gaske, kuɗin sun zaizaye. Shi ne za ka ga buhun siminti da ya kamata ya fitar da bulo mai inci tara talatin zuwa talatin da biyar an matse shi ya fitar da hamsin da wani abu. Ka sa farce a jikinsa yana zuba.

TAMBAYA: Malam, na samu gyaran wani ƙaramin asibiti. A bil an rubuta canza silin da fenti da gyaran tagogi. Da muka sauke silin sai muka tarar gara ta cinye katakon rufin gaba ɗaya. Injiniyan da ke duba aikin ya ce in canza kawai, za a san yadda za a yi a biya ni. In ci gaba?
Daga wani ɗan kwangila, Azare.

AMSA: Malam, katakon nan dole a canza shi, ba a mayar da sabon silin a ƙarƙashin ruɓaɓɓen katako marasa lafiya su kwanta. Amma kada ka buga ƙusa ɗaya a kan maganar baki. Injiniyan yana iya zama mutumin kirki mai nufin alheri, sai dai ana iya yi masa canjin wurin aiki gobe, kuma mai biyan kuɗi takarda yake gani.

Ka ɗauki hoton kowane ɗaki. Ka rubuta wa ofishin ta hannun injiniyan, ka bayyana abin da ka tarar. Ku auna katakon tare, ku biyu ku sa hannu a kan awon. Ka kawo farashin ƙarin aikin, ka jira umarni a rubuce. Yawancin bil na gyara akwai kuɗin ko-ta-kwana a ƙarshensa, an ajiye su saboda irin wannan, amma ba naka ba ne sai an ba da izinin taɓa su. In ƙarin ya fi ƙarfinsu, sai an koma wurin waɗanda suka amince da kwangilar tun farko. Kafin amsa ta zo ka ci gaba da tagogi da abin da bai shafi rufi ba, kuma ka nemi ƙarin wa'adi a cikin takardar, don kada a zo ana lissafa maka jinkiri.

Abin da ya same ka shi ne bambancin sabon gini da gyara. Sabon gini zane ne a takarda, kowa abu ɗaya yake aunawa. Tsohon gini kuwa yana ɓoye ciwonsa. Ina sabon shiga aiki an taɓa ba ni in yi ƙiyasin gyaran wata makarantar kwana ta 'yan mata. Tafiyar da nisa, motar ofis ba mai, sai na zauna na yi lissafi daga tsohon zane da rahoton shugabar makarantar. Na rubuta fenti, silin, ƙofofi. Aka yi talla da bil ɗina, aka ba da aiki. Da ɗan kwangila ya je sai ya tarar ginshiƙin bangon baya ya zauna, tsagewa ta tashi daga ƙasa har linta, hannu yana shiga. Kuɗin da aka ware ba su isa ko rabin gyaran gaskiya ba. Aikin ya tsaya shekara biyu, 'yan mata suna cunkushe a ɗakin kwana ɗaya. Laifina ne, kuma har yau ina jin nauyinsa. Tun daga ranar ban ƙara sa hannu a ƙiyasin gyara ba sai na hau tsani na leƙa cikin silin da tocila.

Don haka duk mai neman aikin gyara, ko talla ta ce a je a ga wurin ko ba ta ce ba, ya je. Gani ya kori ji. Ka tafi da kafintanka da birkilanka. Ka soka ƙusa a katako ka ji ko zai nutse. Ka ƙwanƙwasa shafe ka ji inda ya yi ƙarar fanko. Ka dubi gindin bango ko gishiri ya ci shi. Ka tambayi maigadi inda ruwa ke kwanciya da damina, ya fi kowa sani. Ka duba nisan yashi da ruwa, don akwai garin da kuɗin tankar ruwa kaɗai ke cinye riba. In ka ga abin da babu shi a bil, ka rubuta tambaya kafin ranar rufewa, a gyara wa kowa da kowa.

Sai maganar kuɗi, tunda ƙarin aiki zai taɓa aljihunka. Kafin alƙalami da doka ta yarda a bayar a da kashi 15 ne, dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30, bisa sharaɗin ka kawo lamunin banki ko na kamfanin inshora. Kuɗin nan na kaya ne. Waɗanda suka karɓi aiki a farkon 2023, lokacin buhun siminti bai kai naira 5,000 ba, suka sayi mota da kafin alƙalaminsu, sun ga abin da ya biyo bayan cire tallafin mai da sakin naira: zuwa Fabrairun 2024 buhu ya haura 10,000 a wurare da dama. Wanda ya zuba kuɗinsa a kwano da rodi da katako tun makon farko shi ya tsira. Ƙananan kwangiloli galibi farashinsu a ƙulle yake, babu ƙari don kaya sun tashi. Ka kuma sani doka ta ce biyan da ya wuce kwana 60 bayan an tabbatar da aikin da ka yi ya zama jinkiri, kuma akwai ƙarin da kwangila ke tanada a kansa. Sabon katakon kuma a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora, a yi wa gindin ginin feshi, in ba haka ba shekara uku za a dawo gidan jiya.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ne shugaban kwamitin iyaye na firamaren garinmu. An kafa allo an ce za a gyara ajujuwa huɗu. Ɗan kwangila ya zo ya shafa fenti, ya liƙe ramukan daɓe, ya tafi. Rufin yana yoyo kamar da. Mu talakawa akwai abin da za mu iya?
Daga wani dattijo, wani ƙauye a jihar Katsina.

AMSA: Akwai, Malam, Allah ya saka da alheri da ka damu. Abu na farko, ku san abin da aka biya a yi. Ku nemi kwafin bil ɗin aikin a rubuce daga ofishin da sunansa ke jikin allon. In aikin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ne, wato SUBEB, ku bi ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar nema, ta kuma ba ofis kwana bakwai ya amsa, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Da bil a hannu, ku samu wani ɗan garin da ya yi karatun gini ya bi muku layi-layi. In an rubuta sabon kwano, ku ɗaga kai ku duba. In an rubuta tagogi ashirin, ku ƙirga.

Ku roƙi hedimasta kada ya sa hannu a kowace takardar da ke cewa an kammala. In ya riga ya sa, ba a makara ba. A al'adar kwangilar gini ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, galibi kashi biyar, na tsawon wata shida ko fiye, don in aibi ya bayyana a kira shi ya gyara kafin a sake masa. Ƙorafinku yana bukatar ya isa fayil kafin wa'adin nan ya cika.

Ku rubuta shi da sa hannun mai gari da liman da shugabar mata, ku haɗa da hoton allon da na cikin ajujuwan ranar da aka yi ruwa, yara da littattafansu a jiƙe. Kwafi ɗaya ga ofishin da ya ba da aikin, ɗaya ga ɗan majalisarku. In aikin mazaɓu ne na tarayya, hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci tana bin sawun irinsu tun 2019, kuma ta sha mayar da 'yan kwangila bakin aiki. Ku ajiye kwafi mai hatimi a wurin mai gari, ku rubuta ranar da kuka kai, bayan mako biyu ku tura mutum biyu su koma su tambaya.